Roba Ce Ta Mutu, Ba Inji Ba: A Daina Cutar Direbobin Boɗinga Da Shagari

Raina a ɓace yake, kuma ba ni da niyyar sassauta harshe. A kan babbar hanyar nan da ta fito daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga da Shagari ta nufi Tambuwal da Jega, ana yi wa masu mota wata irin cuta da ta yawaita har mutane sun daina kiran ta da sunanta. Mota ta fara karkarwa in tana tsaye, in an taka totur ta riƙa sarƙewa, shan fetur ya ƙaru, wani lokaci ƙaurin mai ya riƙa shigowa har wurin fasinja. Direba ya gangara gareji. Bakanike ya zare koyil, ya kwance fulogi, ya ɗaga shi sama yana ɗigar baƙin mai, ya girgiza kai ya ce, "Malam, injin ga ya gaji. Ringi na. Sai an sauke shi." Cikin minti biyar an yanke hukunci, hukuncin da zai lashe kuɗin da bawan Allah ya yi watanni yana tarawa.

Sau da yawa wannan magana ƙarya ce. Ko ta ganganci ce ko ta rashin sani, a aljihun direba duk ɗaya ne. Injin lafiyarsa lau. Abin da ya mutu wata 'yar roba ce mai siffar zobe, wadda sauya ta aikin awa ɗaya ne ko biyu a yawancin motoci masu silinda huɗu.

Dole in yi bayanin yadda abin yake, domin rashin saninsa shi ne jarin macuta. A yawancin ƙananan motocin da ke bin hanyar nan yau, su Corolla da Camry da Honda da Sienna, fulogi ba a gefen inji yake ba. Yana can ƙasan wani dogon bututu da ya ratsa murfin saman inji, wanda makanikai ke ce wa top kaba. A ƙarƙashin wannan murfi baƙin mai ne ke ta fantsama yana wanke kamshaf da bawul muddin inji na aiki. Abin da ya raba man da ramin fulogi shi ne robar da ke zagaye da bakin kowane bututu, sai kuma babbar gasket da ta bi gefen murfin. Roba kuwa ba ta dawwama. Zafin inji na dafa ta kullum, ga zafin ƙasarmu da ke haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, ga mota da ta riga ta yi shekara 15 ko 20 a Amurka ko Turai kafin ta iso hannunmu. Sai robar ta bushe ta ƙandare kamar ƙirgi, ta daina riƙe komai. Mai ya riƙa tsattsafowa yana taruwa a cikin ramin. Ya jiƙa dogon bakin roba na koyil, ya kumbura shi, ya sa shi laushi har ya tsage. Wutar da koyil ke turowa, wadda ƙarfinta ya kai dubban bol, maimakon ta bi ta bakin fulogi ta kunna fetur, sai ta sami hanyar zurarewa ta gefe zuwa jikin ƙarfe. Silinda ɗaya ta fara fashin aiki. Wannan shi ne misin ɗin da direba ke ji a sitiyari da kujera.

Kuma ba sabuwar cuta ba ce da za a ce ta zo wa makanikanmu a ba-zata. Peugeot 504 da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, wadda iyayenmu suka yi jigila da ita a wannan hanyar tun kafin Alhaji Shehu Shagari ya zama shugaban ƙasa a 1979, ita ma fulogoginta a cikin bututu suke, da robarsu. Tsofaffin makanikai sun san wannan aiki kamar yunwar cikinsu. To yaya aka yi abin da kakan sana'a ya sani ya ɓace wa jikansa?

Rarrabe man da ya zubo daga sama da wanda ya taso daga ƙasa ba ya bukatar digiri. A zare koyil, a haska tocila cikin ramin tun kafin a taɓa fulogi. In an ga mai kwance a ciki, farar kwalbar fulogin da bakin koyil duk sun yi jage-jage, to daga sama ya zo, robar bututu ce. Ringi ba shi da hanyar da zai tura mai zuwa can, domin fulogin da ke ɗaure ya toshe ƙofar. In kuwa ringi ne ya ci, ko robar wuyan bawul, ramin a bushe za a same shi, amma bakin fulogin da ke cikin silinda ya yi baƙi ya yi danƙo, salansa na fitar da shuɗin hayaƙi, mai na raguwa ba tare da an ga inda yake zuba ba. Wanda yake son tabbaci sai ya sa ma'aunin matsin silinda ya gwada su ɗaya bayan ɗaya. Ma'aunin nan bai kai kuɗin wayar da ke aljihun bakaniken ba.

Ga inda jinina ke tafasa. In rami ya cika da mai aka kwance fulogi ba tare da an zuƙe man ba, duk man zai bi zaren fulogin ya gangara, ya jiƙa bakinsa, sauran ya faɗa cikin silinda. Sai fulogi ya fito jiƙe daga sama har ƙasa. A tayar da mota, man da ya faɗa ya ƙone, salansa ta turnuƙe da hayaƙi na 'yan mintoci. Sai bakanike ya nuna hayaƙin da shi da kansa ya haddasa, ya ce, "Ka gani da idonka, Alhaji? Shina shan mai." Na tsaya a gareji na ga an yi wa mutum haka, na ga yadda fuskarsa ta sauya yana lissafin abin da zai sayar. Wanda ya yi wannan bisa rashin sani bai cancanci riƙe sifana ba tukuna. Wanda ya yi shi yana sane ɓarawo ne, ko da sahun farko yake sallah.

Abin da ya sa ƙaryar ke daɗewa ba a gano ta ba shi ne tana rufe sawunta. In an sauke inji aka yi masa ringi, dole a sayo sabon setin gasket, cikinsa kuwa har da robar bututun nan. A mayar da inji, zubar mai ta tsaya, misin ya tafi, direba ya tafi yana sa wa bakanike albarka. Bai san cewa 'yar robar ce ta warkar da motarsa ba, sauran aikin duk asara ne. Ya ma fi asara muni. Injin da kamfani ya ɗaure da ma'auni a ɗaki mai tsabta, an warware shi a ƙasa a kan kwali, iskar hunturu na zuba masa rairayi, an cire masa ringinsa na asali mai sauran rai an sa masa wanda ba a san inda aka ƙera shi ba. Bayan 'yan watanni sai ya fara shan mai na gaskiya. A lokacin ne maganar farko za ta zama gaskiya, kuma bakaniken ne ya mai da ita gaskiya da hannunsa.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren, su 'yan gam. Waɗannan sun gane cewa roba ce, amma maimakon su sauya ta sai su ɗauko bututun gam ja ko toka-toka su lafta a kan tsohuwar roba, su lafta a gefen murfi, su lafta a bakin bututu, har ya riƙa tsiyayowa ta waje. Gam yana da wurinsa a wannan aiki, amma ɗigo ne kaɗan a kusurwoyi, inda murfin gaban inji ya haɗu da kan silinda da inda gasket ke lanƙwasa a kan mariƙin kamshaf. Abin da ya wuce haka guba ne. Yadda ka ga ya tsiyayo ta waje, haka ya tsiyayo ta ciki. Zafi ya dafa shi, ya ɓalle guntu-guntu, mai ya kwashe shi zuwa ƙasan inji, ya je ya toshe rariyar da famfon mai ke zuƙa ta cikinta. Ranar da rariyar ta toshe, mai ya daina isa ga metal da kamshaf, inji ya buga. Mutum ya shiga gareji da matsalar awa biyu, ya fita da ajalin injinsa a manne a ƙarƙashin murfi.

Sai masu ɗaure noti da ƙarfin tuwo. Ƙananan notocin murfin nan ƙarfin ɗaurinsu kaɗan ne, wajen niyuton-mita 10 a motoci da yawa, kuma ana bin su ne a hankali daga tsakiya zuwa gefe, zagaye bayan zagaye. Amma sai ka ga an ba yaro sifana ya danne da iya ƙarfinsa, wai don kada ya yi yoyo. Murfin ya lanƙwashe in na alminiyam ne, ya tsage in na roba ne, ko notin ya karye a cikin kan silinda. Garejin da babu sifana mai auna ƙarfin ɗauri a cikinsa, da wane ido yake kallon injin zamani? Kuma kusan ba wanda ke duba ɗan bawul ɗin numfashin inji, wanda ake ce wa PCV. In ya toshe, iskar da ke taruwa a cikin inji ba ta da mafita, sai ta tura mai ta duk inda ta sami rauni. A sa sabuwar roba a bar shi a toshe, ba da daɗewa ba mai ya dawo, a ce wai robar ce ba ta da kyau.

Motocin ma ba iri ɗaya ba ne, wannan kuma shi ne dalilin da ya sa sana'ar ke bukatar karatu. A Corolla ta shekarun 2003 zuwa 2008 robar bututu haɗe take da babbar gasket, abu ɗaya ake saya. A Honda Accord mai inji 2.4 robobin daban suke, a cikin murfin ake danna su, kuma in aka juya fuskarsu aka sa su a baibai aikin ya ɓaci. Tsohuwar Camry mai inji 2.2, wadda har yanzu take ɗaukar fasinja a ƙauyukanmu, manyan notoci huɗu ne a kan bututun kansu ke riƙe da murfin, kuma wani lokaci ta gindin bututun man ke shiga, inda ya haɗu da kan silinda, don haka ko an sauya robar sama sau nawa ba zai tsaya ba sai an kwance bututun an sake liƙe gindinsa. A Sienna mai silinda shida, fulogi uku na baya suna ƙarƙashin hanyar shigar iska, sai an cire ta kafin a kai gare su, shi ya sa malalacin bakanike ke gyara na gaba ya karɓi kuɗin shida. Wasu injinan Nissan masu murfin roba kuwa ba a sayar da robarsu daban, murfin gaba ɗaya ake sauyawa. Duk wannan a rubuce yake, yana cikin littattafan kamfanonin, yana intanet da hotuna da bidiyo. Bakaniken da ke da data ta kallon barkwanci a TikTok yana da data ta koyon aikinsa.

Ba zan ɗora wa makanikai laifin duka ba, domin na san na kirki a cikinsu, masu tsoron Allah, waɗanda za su ce maka "roba ce kawai, je ka sayo" alhali da sun so da sun sauke maka inji. Su ma ana cutar su. Bakanike ya yi aikinsa tsaf, ya wanke, ya goge, ya ɗaure daidai, amma robar da aka sayo a cikin kwali mai tambarin Toyota jabu ce. Tun daga Ladipo a Legas zuwa Ƙofar Ruwa a Kano har zuwa 'yan shagunan da ke bakin tasha, kayan asali da na jabu a kanta ɗaya suke zaune, mai shago ma da bakinsa zai tambaye ka, "Orijina kake so ko mai sauƙi?" Robar jabu ba ta jure zafi. Kafin a yi juyen mai biyu ta ƙandare, mai ya dawo, mai mota ya zo yana zagin wanda bai ci ba bai sha ba. Hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, SON, tun 1971 aka kafa ta, kuma tana da tsarin tantance kayan da ake shigowa da su. Ina tambaya da babbar murya: ta wace ƙofa waɗannan kwalaye suke shigowa har su iso Shagari?

Mu masu mota ma sai mun ji tamu. Mu ne za a ce mana ga ta ƙwarai ga ta banza mu zaɓi ta banza, mu ne ke cewa "sa mini gam kawai in kai kasuwa in dawo", mu ne ke ganin wutar gargaɗi ta kama a gaban sitiyari mu manna mata sitika. Na san dalili, ba daga sama na faɗo ba. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 nan take, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000 a wurare da yawa. Dala da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024, kayan gyara kuwa duk da dala ake shigo da su. Direban da ke lodi daga Boɗinga zuwa Sakkwato, bayan ya sayi mai, ya biya kamasho, ya ba mai mota balas, abin da ya rage masa bai taka kara ya karya ba. Amma wannan ƙuncin shi ne babban dalilin da ya sa bai kamata a bar misin ya kwana ba. Silindar da ba ta ƙona fetur ɗinta zubar da shi take yi ta salansa, wato kuɗin cefane ne ke fita ta bayan mota. Ɗanyen fetur ɗin nan in ya isa tukunyar tace hayaƙi, wadda makanikai ke ce wa indomi, a can yake kamawa ya narkar da ita. Koyil da ya jiƙa ya mutu, kuɗinsa ya ninka na roba. Man da ke bin gefen murfi yana ɗiga a kan bututun salansa mai zafi, wannan kuma hanyar gobara ce.

Akwai abin da ya fi kuɗi. Hanyar nan tamu cike take da tirela da tanka da manyan motocin albasa da shanu masu zuwa kudu. Direba ya leƙa, ya ga sarari, ya fito zai wuce tirela da mutum shida ko bakwai a mota, ya taka totur. A daidai lokacin da aka matsa wa inji ne wuta ta fi zurarewa daga koyil mai rauni. Mota ta sarƙe masa a tsakiyar hanya, ga wata ta taho. In abin ya faru a ce gudu ne, a ce ganganci ne, a ce ƙaddara. Mun yi imani da ƙaddara, amma ba wanda zai koma ya leƙa ramin fulogi ya ga gam ɗin da aka lafta makonni uku da suka wuce.

Tushen abin yana wurin koyarwa. Uba ya kai ɗansa gareji yana ɗan shekara 12, ya ce "ga amana". Yaro ya yi shekaru yana wanke noti da fetur, yana sayo wa maigida abinci, ana aika masa da sifana a ƙeya in ya yi kuskure, ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya ce ga dalilin da ya sa ake yin kaza. Ya koyi motsin hannu bai koyi dalili ba. Ranar da aka yaye shi ya sami inuwar dogon yaro a bakin hanya ya kafa nasa. Motocin da ke zuwa masa kuwa tun 1996 dokar Amurka ta tilasta a sa musu kwamfuta mai faɗin abin da ke damun su. A jona 'yar na'ura a ƙarƙashin sitiyari ta nuna P0302, ma'ana silinda ta biyu ce ke misin, a tafi kai tsaye wurinta. Amma yaron da aka cire daga makaranta kafin ya iya karatu, yaya zai karanta? Muna da kwalejin kimiyya da fasaha ta Umaru Ali Shinkafi a Sakkwato, muna da makarantun koyon sana'a na gwamnati, akwai asusun horar da ma'aikata na ITF da aka kafa tun 1971, akwai hukumar NADDC da aka ɗora wa bunƙasa harkar motoci. Me zai hana ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari su haɗa kai da su, a riƙa tara makanikai ana yi musu bita da Hausa, da inji a gabansu, a ba kowane gareji ma'aunin matsi da sifanar awo da na'urar karanta kwamfuta ko da bashi ne? Kuɗin da ake kashewa a taron rabon babura guda ɗaya ya isa.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne a wace ƙasa ake wannan. Sifawa tana cikin ƙaramar hukumar Boɗinga, inda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815. Ƙanensa Malam Abdullahi a Boɗinga ya zauna, kuma ya yi rubutu a kan hukunci da hisba da hana zalunci a kasuwa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta cewa wajibin shugaba ne ya kula da masu sana'a ya ƙarfafa su. A fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, har a cikin Risala da yara ke biyawa, akwai hukuncin lamunin masu sana'a: wanda ya kafa kansa yana karɓar kayan mutane don ya yi musu aiki, in kayan suka salwanta a hannunsa, shi ke da alhakin biya. An yi maganar ne a kan maɗinki da marini da maƙeri. Bakanike maƙerin wannan zamani ne. To me ya sa a garejinmu in inji ya buga saboda gam ɗin da aka lafta, sai a ce wa mai mota "sai haƙuri", ya sake biyan wanda ya kashe masa inji kuɗin sauke shi? Malamanmu suna wa'azi a kan algus a mudu da tiya, suna da gaskiya. Ina so in ji huɗubar Juma'a guda a kan algus da sifana.

Shugabannin ƙungiyar makanikai ta NATA da na ƙungiyar direbobi ta NURTW a waɗannan garuruwa biyu sun san junansu, shayi ɗaya suke sha. Su zauna su yanke cewa ba za a ƙara sauke injin kowa da sunan ringi ba sai an gwada matsin silinda a gaban mai mota ya ga lambobin da idonsa, kuma duk wanda aikinsa ya kashe inji ƙungiya ta sa shi ya biya. Kafin su yi haka, ɗan'uwana direba, in aka zare maka koyil kada ka bari a taɓa fulogi sai ka karɓi tocila ka leƙa ramin da kanka. In ka ga mai, ka ce a zuƙe shi tukuna. Ka sayi robar da kanka a wurin wanda ka amince da shi, ka tsaya a buɗe kwalin a gabanka, ka ce a duba bawul ɗin numfashi, a miƙo maka tsohuwar robar a hannu. In bakanike ya ɓata rai ya ce kana koya masa aiki, rufe motarka ka ja ta zuwa wani garejin.